Turakun Injiniya Zakiyya

Ni Atiku Mai Albasa, tun daga Wurno har Goronyo babu aljanin da yat taɓa sa ni gudu. Ni ka sa mutane gudu. Ni nis sa ma jaki farar riga nis sake shi bakin rafi, mata sunka yi sati ba su ɗebo ruwa ba. Ko ranar da injin niƙa yac cinye mani ƙaramin yatsan hannun dama, dariya niy yi. Ku riƙe wanga, za ku ji inda yak ƙare.

Bara, bayan an yanke gero, wani kamfanin hanya yaz zo garinmu, can kusa da Kwargaba. Za a yi mararraba inda hanyarmu ka haɗuwa da mai zuwa Rabah. Mai zanen aikin wata yarinya ta, Injiniya Zakiyya. Sunka yi awo kwana uku, sunka kakkafa turakun ƙarfe, kowane da jan fenti bisa kai. Guda ɗaya tsakiyar rumfar albasata.

Nis same ta ƙarƙashin darbejiya, kwamfuta bisa cinya.

"Injiniya, mi turkenku ka yi cikin rumfata?"

Taj juyo mani da kwamfutar. "Malam Atiku, duba. Wanga layin shi na hanya. Nan za ta lanƙwasa, don babbar mota ta samu wurin juyawa. Wanga ɗan ɗigon kuwa rumfarka ta. In na ƙare zane in buga shi bisa takarda, a ba masu aiki."

"Shekara sha tara ina ajiye albasa nan, ke kin maishe ni ɗan ɗigo? Matsa da layin!"

"Ba ya matsuwa, Malam."

"To, mu zuba."

Raina yai baƙi ƙirin. Gab da magariba, mutane suna alwala, nit tuge turaku shida, nik kai su taki ashirin gabas, nik kafe su gindin tsohuwar tsamiyar da ko ganyenta ba a tsinka. Ni a wautata, in turke ya matsa zane ma ya matsa.

Da safe nib bi gari ina riƙe baki. "Kun gani? Mutanen ɓoye ba su son hanyar ga."

Injiniya tah hasala, har tana buga ƙafa. "Awon yana cikin na'ura, ko a kai turakun har garin Gandi!" Tas sa anka maishe su, anka sake shafa fenti. Da yamma nis sake kai su tsamiya. Ina gida ina dariya har da riƙe ciki.

Yamma ta uku, an sake maishe su da sabon fenti, rana ta yi ja. Nit tuge biyar nis saɓa, hannuna dumu-dumu da ɗanyen fenti. Na shidan kuwa ban gan shi ba. Nic ce ƙila sun manta shi gindin tsamiya.

Nim matsa.

Tsuntsayen da ka ihu bisa tsamiyar sunka yi tsit, lokaci guda.

Sai ƙamshin daddawa. Sai ƙaurin hayaƙi. Babu gida kusa, babu wuta.

Ƙarƙashin ƙafata nij ji daka. Dum. Dum. Cikin ƙasa.

Wata 'yar gajerar tsohuwa tana tsugune, ta ba ni baya. Gabanta tukunyar ƙasa. Turke na shida ya huda tukunyar tun daga baki har gindi, miya tana tsiyaya.

"Kai na?" Muryar awa ana jan busasshen kara bisa ƙasa.

Nij ja da baya taki guda.

"Kwana biyu ɗiyana ba su ci ba."

"Inna... kamfani na..."

"Ƙarya!"

Dakan yat tsaya.

"Ka fasa mani tukunya. Kab bi gari kac ce mu munka ɗauka. Mu ɓarayi na?"

Ba ta waiwayo ba. Hannunta kawai yat taho ta baya, yana tsawo, yana tsawo. Yak kama wuyan hannuna. Sanyi awa gindin randa.

Tad danna tafina bisa wani abu shimfiɗaɗɗe cikin iska. Ban ga komi ba. Amma nij ji ƙarar takarda.

Kanta yaf fara juyowa.

Ladan yat tada kiran salla.

Hannun yas saki. Niz zubar da turaku, nib bar takalmi guda, nik keta gonar wake a guje, ƙaya tana yagar wandona. Ban san na iso gida ba sai da nib bugi ƙyaure da goshi.

Fentin kuwa yaƙ ƙi fita. Sabulu, toka, kananzir, har dutse na goga.

Da hantsi mai gari yat tara mutane ƙofar gidanshi. Nij je da hannu cikin aljihu. Injiniya ta kawo kwamfuta da injin buga takarda da ɗan janareto, idonta ja, da gani ba ta yi barci ba.

"Ranka shi daɗe, ni ban yarda da zancen aljanu ba. Amma a duba." Tan nuna mai kwamfutar. "Ga zanen mararraba, fes. Yanzu a gani."

Tad danna. Injin yaj ja farar takarda, yana gurnani. Layin hanya yaf fito. Lanƙwasa taf fito. Daidai ɗigon rumfata, ga shatar hannu, ja, ɗanye shar.

"Sau tara ke nan tun jiya. Na canza takarda, na canza tawada. Ya zan kai ma masu aiki wanga?"

Mai gari yak karɓa, yak kai kusa da ido. Yana ƙirgawa da baki.

"Ɗaya. Biyu. Ukku. Huɗu."

Yad dakata. Babu na biyar.

Kawuna kawai sunka dinga juyowa, ɗaya bayan ɗaya, har da na liman.

Mai gari yac ce, "Atiku."

"Ranka shi daɗe."

"Aljanin naka yatsa huɗu gare shi. Ina takalminka guda?"

Sai lokacin nid duba ƙasa. Ƙafa ɗaya tawa, ɗaya silifas ɗin matata.

"Fito da hannun ga."

"Ciwo shika yi, ranka shi daɗe."

"Fito da shi!"

Nif fito da shi. Fentin kwana guda, amma yana ɗiga. Ɗis, bisa tabarmar mai gari.