Mai Tallan Littattafai

Lubabatu na tankaɗe a tsakar gida sai ga mahaifinta, Alhaji Badaru, ya faɗo ko sallama babu, waya a hannu.

"Ke! Wanga ba Mukhtari ba ne?"

Shi ne kuwa, saurayinta da aka kusa sa musu rana, ma'aikacin laburaren jami'a a Sakkwato. Ga shi a bidiyon wayar ya ɗora tiren littattafai a ka yana zagaya kantoci, yana rera, "Ga ilimi da ɗumi-ɗuminsa! Aro ne, ba saye ba!"

"Baba, bidiyo ne na aiki. Ɗalibai sun daina shiga laburare, shi ne suke jawo su ta waya..."

"Aikin mi? Yau ko ruwa ban sha ba a kasuwa! Har mutanen Kwanni sai da suka tsaya, wai ina surukina mai talla. Ba ni ba ɗan wasa ɗiyata!"

Daga ranar zama ya gagari Lubabatu. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta shiga ɗaki ta fito. Ta buɗe bidiyon ta yi dariya, sai kuma hawaye. Inna ta ce, "Ki yi haƙuri, babanki baƙar maganar kasuwa ce ke cinsa." Da haƙurin ya ƙare ta kira Mukhtari.

"Don Allah ka goge shi! Ka bar harkar soshiyal midiyan nan."

"Luba, jiya kujeru ba su ishe mu ba saboda wannan tiren. In Baba ya ce in goge, zan goge. Amma ba zan ce abin kunya na yi ba."

Ta durƙusa gaban mahaifinta ta maimaita maganar Mukhtari. Ya daɗe yana shafa gemu.

"To, in ba kunya ba ne, shi zo ran kasuwa shi yi gaban rumfata."

Ranar, Lubabatu ta kai abinci da kanta, ta raɓe bayan buhunan wake. Mukhtari ya iso da tirensa, ya cire takalmi, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗora ya fara. Dariya ta kaure! Wani ya jefa masa kuɗin sefa, Mukhtari ya tsugunna ya ɗauka ya mayar masa da hannu biyu.

"Na gode, Baba. Namu kyauta ne."

Alhaji Sahabi mai shanu, wanda ya fi kowa tsiya, ya gyara zama. "Yaro, Mannir nawa na can jami'arku. Shina shiga wurin nan?"

"In bai shiga ba, zan bi shi da tiren har aji."

Wannan karon har Alhaji Badaru sai da ya murmusa. Ya matsa gefe a kan tabarmarsa.

"Aje kayan ka zamna nan. Ke Lubabatu, na gan ki! Zubo ma mai tallanki abinci."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. To yara, ku riƙe wannan: wanda bai raina sana'arsa ba, bai kuma raina manya ba, dariyar kasuwa ba ta hana shi aure.