Amaryar Da Ta Ci Abinci A Bakin Titi

Ranar Asabar da hantsi Auta na tsaye a falo yana goge rigarsa yana 'yar waƙa, ita kuwa Amarya tana zaune a hannun kujera ta zuba tagumi, ko wanka ba ta yi ba. Watansu biyar da aure, amma har yanzu kowa Amarya yake ce mata, kamar yadda shi ma gemunsa bai hana a kira shi Auta ba.

"Ranki ya daɗe, sha ɗaya fa ta wuce," ya ce yana hura dutsen guga. "Ko so kike Yaya ta sake cewa mu ne sarakan latti?"

Umma, mahaifiyar Auta, tana da gidan abinci kusa da tashar mota, shekara ashirin da biyu ke nan. Duk Asabar 'ya'yanta da surukanta da jikoki suna haɗuwa a dogon teburin da ke kusa da kantar karɓar kuɗi su ci abincin rana tare, wanda bai zo ba kuwa sai ya kawo dalili mai ƙarfi. To ga shi sati uku ke nan da wata muguwar cuta ta tari da zazzaɓi ta shigo gari, Allah Ya raba mu da ita, rediyo kullum sai faɗi yake a rage cunkoso.

Amarya ta ɗago ido. "Yallaɓai, plis, kada ranka ya ɓaci. Ni yau ba zan shiga ɗakin nan ba."

"Wane ɗaki?"

"Ɗakin cin abincin Umma."

Ya ajiye dutsen guga a kan rigar, sai da ta yi ƙauri ya tuna ya ɗauke. "Ke! Akwai inda ya fi gidan abincin Umma tsabta a garin nan? Tun da cutar nan ta zo ta rufe tagogi ruf, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta kunna esi, ko ƙuda ba ya shiga, balle cuta!"

"Ai abin da ke ba ni tsoro ke nan," ta ce a hankali. "Cutar ba daga titi take shigowa ta taga ba, a ƙirjin mutum take shigowa ta ƙofa. Mutum talatin a ɗaki ɗaya, kowa ya cire takunkumi don ya ci, iska ba ta fita. Ka san a kemis nake aiki. Satin nan na ƙirga: cikin mutum goma da suka zo sayen maganin tari, bakwai kwastomomin Umma ne. Direbobin nan biyu, da maigadin banki, da tela mai gilashi — duk na san su a teburinta."

"Innalillahi! Kin faɗa wa wani?"

"Haba dai! In tona wa Umma asiri a kanti? Kai kaɗai na faɗa wa. Ka lallaɓa ta ku biyu, ka ce ta buɗe tagogin, ko ta fitar da tebura waje. Amma ka yi dabara, don Allah."

Dabara kuwa ita ce abin da Allah bai ba Auta ba. Da ya isa, Umma ta tambaye shi ina matarsa, sai ya kwashe zancen nan kaf ya zazzage a tsakiyar tebur, gaban surukai da yara. Kafin ya rufe baki, Yaya, babbar 'yar Umma wadda ke zama a kantar kuɗi, ta buga cokali a faranti.

"Umma, kin ji ko? Abincinki ne ke kwantar da mutane! Yarinyar da jiya-jiya aka kawo ta!"

Ana yin la'asar Amarya ta ji sallama kamar saukar aradu. Umma ce a gaba, Yaya na biye, Auta can baya kamar kazar da ruwa ya daka. Amarya ta zube ƙasa ta gaishe su, ta kawo ruwa.

"Ɗauke ruwanki, kada mu shafa miki cuta," in ji Yaya. "Likitar kemis! Daga miƙo ƙwaya biyu a leda an zama farfesa."

Umma ba ta ko zauna ba. Daga tsaye ta ce, "'Yar nan, shekara ashirin da biyu ina tsaye a bakin murhu. Da wannan tukunyar na yi wa mijinki makaranta bayan rasuwar ubansa. Ba a taɓa cewa ga wanda ya yi ko ciwon ciki a gidana ba. Yau ke ce za ki ce abincina guba ne?"

"Wallahi Umma ban ce ba. Abincinki ba shi da laifi, ɗakin ne..."

"Ɗakin da nake wankewa sau uku a rana?"

"Iskar ce, Umma..."

"To ji! Yanzu kuma iskar gidana ce ba ta yi mata ba!" Ta juya ga Auta. "Kai, ka buɗe kunnenka. Asabar mai zuwa matarka ta zo ta ci abincina a gaban jama'a, kowa ya gani. In ta ƙi, to ka zaɓa: ko teburina ko ita. Ban haifi ɗan da mace za ta raba ni da shi ba."

Suna fita Amarya ta fashe da kuka. Auta ya durƙusa a gabanta, sai "sori, sori" yake ta maimaitawa.

"Ki daure ki shiga mana, minti goma kacal," ya ce daga baya. "Ki yi loma biyu ki fito."

"In na shiga, na gaya wa kowa ke nan cewa ɗakin lafiya lau yake. Umma za ta ci gaba da wuni a ciki, ga shekaru, ga hawan jini. Ba kaina kaɗai nake ji ba, Yallaɓai."

Satin nan ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan. Matan 'yan'uwan Auta suka daina amsa gaisuwarta a waya. Ta kira mahaifiyarta tana kuka, ita ma baiwar Allah hankalinta ya tashi. "Ni dai kada ki yi wa uwar mijinki rashin kunya, kada kuma ki kai kanki ga halaka," ta ce. "Ki nemi hanya a tsakani, Allah Ya ba ki. Kuma ki riƙa shan ruwa, na ji muryarki ta bushe."

Ranar Asabar Amarya ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta ɗaura takunkumi, suka tafi. Da suka isa ba ta shiga ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Umma, ina wuni? Na zo cin abinci. Don Allah a cika mini faranti, shinkafa da kaza, a ƙara miya!"

Duk ɗakin aka juyo ana kallonta. Mai dafa abinci, wata dattijuwa da ta daɗe tare da Umma, ta dubi uwar ɗakinta, ta ga ba ta hana ba, sai ta zubo ta miƙo. Amarya ta ja bencin da ke ƙarƙashin rumfar ƙofa, ta zauna a bakin titi, ta cire takunkumi ta yi bisimilla. Amarya guda, da lallenta da gwal ɗinta, tana cin abinci motoci na wucewa!

Mai aski na shagon kusa ya leƙo. "A'a! Amarya, korar ki aka yi, ko kuɗin kujera ne babu?"

"Abincin Umma ne ya fi daɗi da iska, Baba," ta ce tana dariya, alhali hawaye na cikin idonta. "Zo ka gwada."

Yaya ta fito ta riƙe ƙugu. "Kin ga abin kunya! Kai Auta, shigo ka zauna, ka bar ta ta gama wasan kwaikwayonta."

Auta na tsaye a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, farantinsa a hannu. Ya dubi Umma, ya dubi matarsa.

"Umma, kin ce ta ci abincinki a gaban jama'a," ya ce. "Ga shi tana ci, jama'ar ma ta fi ta ciki yawa. Ki yafe mini, zan taya ta." Ya fito ya zauna a gefenta.

Umma ta juya ta shige kicin. Amarya kuwa ta sharce farantin nan tas, ta miƙa aka ƙara mata. Tun daga ranar, kullum in ta tashi hutun rana a kemis sai ta zo ta gaishe da Umma daga ƙofa, ta karɓi abinci ta ci a benci. Umma ba ta amsa gaisuwar, amma ba ta taɓa hana a zuba mata ba. Mai aski ya fara zuwa da kujerarsa. Direbobi biyu da suka warke suka ce su ma waje za su zauna, sun sha wuya sun ƙoshi.

Kwana tara bayan haka Yaya ta kwanta. Kashegari Mai dafa abinci ta bi ta. Rana ta uku Umma na cikin juya miya jiri ya ɗebe ta, Allah Ya sa Auta na kusa ya tare. A asibiti babu gado, likita ya duba ta ya ba da magani, ya ce a yi jinyarta a gida, a ɗaki mai iska, mutum ɗaya ya riƙa shiga, in numfashi ya yi wuya a dawo da ita da gudu.

Surukan nan da suka daina amsa waya, kowacce sai ga uzuri: wannan goyo, waccan ciwon baya. Amarya ta ɗauki hutu a kemis, ta ɗaura takunkumi biyu, ta tare a gidan Umma. Ita ce ba da magani a kan lokaci, ita ce auna zafin jiki, ita ce wankin zanin gado, ta fito ta wanke hannu ta leƙa Yaya, wadda ita ma a gidan take kwance, a ɗaya ɗakin.

"Ke ce?" in ji Yaya da dasasshiyar murya.

"Ni ce, Yaya, likitar kemis. Buɗe baki."

Yaya ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, sai kuka ya biyo baya.

Gidan abinci kuwa Amarya ta hana a rufe shi. Daga bakin gadon jinya take ba Auta umarni ta waya: a fitar da tebura duka waje, a ƙara rumfa, a bar tazara tsakani, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu, mai tari a ɗaure masa nasa a leda ya tafi gida, wanda ke da tsoho a gida shi ma gara ya saya ya tafi. Ƙanwar Mai dafa abinci ta karɓi murhu, Auta ya ɗaura atamfa a ƙugu yana kai faranti, Mai aski na yi masa tsiya wai ya fi kyau da aikin nan. A satin ne duba-gari suka zagayo suna garƙame gidajen abincin da ke tara mutane a rufaffen ɗaki. Sauran gidajen abincin layin tasha gaba ɗaya suka sa wa kwaɗo. Da suka zo na Umma, babbansu ya zagaya ya duba, ya wanke hannu a bokitin, ya ce, "Haka muke so." Har ya zauna ya yi oda!

Sati biyu cif Umma ta miƙe. Ta ce sai an kai ta ta ga abin da ya rage na wahalarta, don a zatonta kango za ta tarar. Mota na tsayawa ta ga tebura a waje cike da mutane, wasu na jiran layi, sauran shagunan abinci duk a rufe. Direbobi suka miƙe suna "Sannu Umma! Barka da arziki!"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ina 'yar nan?"

Amarya ta matso za ta durƙusa, Umma ta riƙe ta.

"Jama'a, ku shaida," ta ce, hawaye na zuba. "Na toshe tagogi ina cewa ina korar cuta, ashe ɗaki na ba ta. Yarinyar nan ta gani, ta rufa mini asiri, ni kuwa na je har gidanta na ci mata mutunci. Na ce ɗana ya zaɓa tsakanina da ita. To yau ni na zaɓa: wannan ba suruka ba ce, 'yata ce. Ki yafe mini, 'yata."

"Haba Umma, ba ki yi mini komai ba," in ji Amarya, ita ma tana kuka.

"Ni ma a sa ni a cikin yafiyar," in ji Yaya daga cikin mota, "amma maganin nan naki mai ɗaci, shi kam ban yafe ba!"

Wuri ya kaure da dariya da tafi. Auta ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya kai wa wani kwastoma shayi alhali ruwa ya nema.

To 'yan mata, kun dai ji. Amarya ba ta ɗaga wa uwar mijinta murya ba ko sau ɗaya, ba ta kuma bar gaskiya don a so ta ba. Da haƙuri da ladabi ta tsira da aurenta, ta tsirar da gida guda. Mu kuma iyaye, mu riƙa sauraren yaran nan, wani lokaci sun san abin da ba mu sani ba. In annoba ta shigo gari, kunya ba ta maganin cuta: kada ku cusa kanku a rufaffen ɗaki don kar a ce kun ƙi cin abincin wani. Ku ci a sarari, ko ku saya ku kai gida, wanda ba shi da lafiya kuwa ya zauna a ɗakinsa. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya ba su abokan zama na gari, amin.