Kabewar Auta

Da yammacin wata Laraba mai aski ya rufe shagonsa, ya ari baro da shebur a wurin maƙwabcinsa mai walda, ya nufi bayan unguwa ɗebo ƙasa.

Yaransa ne suka sa shi wannan aiki. Malamarsu ta raba musu irin kabewa a makaranta, ta ce kowa ya je ya shuka a gida, kuma tun ranar ba a sake samun sukuni a gidan ba. Babbar 'yarsa, wadda suke kira Barkono saboda bakinta, ta riga ta kewaye wani lungu a bayan ɗakin girki da gutsattsarin bulo. Auta kuwa, ɗan ƙaramin da bai daɗe da shiga makaranta ba, da irin yake kwana a aljihu. Sun shuka sau ɗaya bai fito ba, don ƙasar gidan tsakuwa ce zalla, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta tsiro. Matarsa nas ce a asibiti, a watan kuma aikin yamma take yi. Tana shirin fita ta tsokane shi, ta ce ya shekara yana yanke abin da ya tsiro a kan mutane, yanzu sai ya gwada ko zai iya sa wani abu ya tsiro.

Mai walda ne ya ba shi labarin baƙar ƙasa a wani tsohon juji, jikin kangon da ke bayan gidan buga bulo. Ya ce masa ya je da safe. Mai aski ya yi niyyar hakan, amma masu son aski suka yi masa layi, bai samu kansa ba sai da rana ta yi ja.

Hanyar ba kowa. Tayar baron tana ƙara, ƙiii, ƙiii, kowane juyi. Da ya wuce gidan bulo sai hayaniyar unguwa ta yanke kamar an rufe ƙofa a bayansa. Babu kukan tsuntsu. Babu ko sauro.

Jujin ya fi yadda aka faɗa masa kyau. Ƙasa baƙa wuluk, mai laushi, tana warin ruɓaɓɓen ganye da tsohuwar toka. Ya kafa shebur, ya shige ba tare da ya sa ƙafa ba. Abin da ya ɗan dame shi ɗaya ne: ƙasar da ɗumi take, irin ɗumin shimfiɗar da aka tashi daga kai yanzu.

Ya kusa cika baron ya ji an ce, "Mayar."

Wata tsohuwa ce tsaye a ƙofar kangon. Doguwa, siririya, ta lulluɓe da zane mai launin toka, ta juya masa rabin baya. Bai ji zuwanta ba. Ya gaishe ta. Ya yi mata bayani da fara'a irin ta masu shago, cewa yara ne za su shuka kabewa, ƙasa ce kawai, in ma tata ce zai nemi izini.

"Na kwantar da shi a ciki," in ji ta. Muryar ba ƙarfi, amma kamar a gefen kunnensa ake magana. "Kana tashinsa."

Ya ɗauka mai taɓin hankali ce da ta fake a kangon. Ya ce ta yi haƙuri, Iya, daga wannan ba zai ƙara ba. Ya ɗora shebur a kan ƙasar, ya kama hannayen baro. Ya yi nisa kaɗan ya ji ta a bayansa.

"To ka shayar da shi da naka."

Bai waiwaya ba. Da ya isa gida ma bai faɗa wa kowa ba.

Washegari suka yi shuka, yaran suna ta murna. Ya tona musu rami biyu, ɗaya na Barkono, ɗaya na Auta, ya nuna musu yadda za su kwantar da irin a gefensa, su rufe da ƙasa kaɗan, su yayyafa ruwa ba su kwarara ba. Kafin mako ya zagayo duka biyun sun ɓullo da ganye bibbiyu. Na Barkono ya yi ta yaushi har ya bushe, ta yi kukanta ta haƙura. Na Auta kuwa ya kama kamar da gayya. Ganyensa ya yi faɗin faranti, da gashi mai ƙaiƙayi. Ya yi fure rawaya da yawa, duk suka zube sai guda ɗaya mai ɗan ƙullutu a gindi, shi ne ya zama kabewa.

Yaɗon ne ya fara ba mai aski mamaki. Ya san kabewa rana take bi, wannan kuwa inuwa yake bi. Ya bi gindin katanga, ya zagaya bayan banɗaki, ya miƙe sak zuwa tagar ɗakin yara. In ya janye shi da safe ya mayar tsakar gida, da yamma zai tarar ya koma. Ruwa kuma ko bokiti aka juye masa, kafin a ajiye bokitin ƙasar ta shanye. Kyanwar gidan, da kullum a lungun take kwana, ta daina bi ta wurin.

Kabewa tana girma, Auta yana ramewa.

Ba zazzaɓi, ba gudawa, ba tari. Yana cin abinci kamar babba, amma wuyansa ya yi tsawo, idanunsa suka faɗa. Uwarsa ta kai shi wurin aikinta aka yi gwaje-gwaje, aka ce jininsa ya yi ƙasa, ba a ga dalili ba. Ta sayo magungunan ƙarin jini, ta yi ta ɗura masa. Ita da mijin suka fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita tana cewa ba ya lura da yaron in ta tafi aiki, shi yana cewa ai ita ce ma'aikaciyar lafiya.

Barkono ce ta same shi a shago wata rana bayan an tashi daga makaranta. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta tsaya a bakin ƙofa shiru har ya sallami wanda yake yi wa aski. Sannan ta matso ta raɗa masa cewa Auta kullum da magariba yana kwanciya ya kara kunnensa a jikin kabewar. Ita ma ta gwada sau ɗaya.

"Baba, zuciya gare ta. Tana bugawa."

Ya yi mata tsawa, ya ce ta daina ƙirƙirar shirme. Amma da ta tafi ya ajiye almakashi. Maganar tsohuwar ta dawo masa kamar yanzu aka faɗe ta. Ya ce a ransa gobe da sassafe zai tumɓuke shukar. Ya sake duban rana, ta fara yin ja. Ya bar mutum biyu a kan benci, ya zura askarsa a aljihu, ya fita.

Ƙofar gida a buɗe take. An ɗauke wuta. Barkono tana tsugune a zaure, ta toshe bakinta da hannu biyu. Da ido ta nuna masa bayan ɗakin girki.

Warin ne ya fara tarar sa. Ruɓaɓɓen ganye da tsohuwar toka.

Auta yana kwance a ƙasa, ya rungume kabewar. Ta kai girman tulu yanzu, fatarta tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Siraran zaren yaɗon sun naɗe wuyan hannun yaron, sun naɗe idon sawunsa, ɗaya ya shige bayan kunnensa. Idanunsa a buɗe, amma ba ya ganin kowa.

Babu iska, ganyen kuwa suna motsi.

Mai aski ya durƙusa, ya ambaci sunan Allah, ya buɗe aska. Ya yanke zaren farko. Abin da ya fito ba ruwan ganye ba ne. Da ɗumi yake, yana danƙo.

Daga cikin kabewar wani abu ya yi kuka. Siririn kuka, kamar na jariri a ƙarƙashin bargo.

Ya ci gaba da yanka. Zaren da ya yanke suna lanƙwashewa suna neman yatsunsa. Ya fizge yaron, ya miƙa wa Barkono da ta biyo shi, ya ce ta kai shi gidan mai walda, kada ta tsaya, kada ta waiwaya. Ya datse kabewar daga yaɗonta. Ya jawo baron da har yau bai mayar ba, ya mirgina ta ciki, ya kwashe baƙar ƙasar gwargwadon abin da ya iya, ya zuba a kanta.

Ya kama hanyar kango.

Ƙiii. Ƙiii.

Baron yana ƙara nauyi. Kafin ya kai gidan bulo kafaɗunsa sun fara rawa. Ƙasar da ya zuba tana tsagewa tana zubewa gefe. Wani abu yana juyi a ciki, yana dukan ƙarfen baron a hankali. Dum. Dum.

Hayaniyar unguwa ta yanke.

Tana nan, a bakin ramin da ya tona. Wannan karon ta fuskance shi. Zanen ya rufe fuskar, sai haɓa kawai, busasshiya kamar ɓawon itace. Ta fi yadda ya tuna tsawo. Kanta ya wuce katangar kangon.

Ya ce, "Na dawo miki da shi, Iya. Ki yi haƙuri."

"Bai ƙoshi ba."

"Ɗana ne. Ki bar mini ɗana."

"Kai ka bar mini nawa?"

Bai ga ta taka ba. Hannunta kawai ya ji a wuyan hannunsa na dama. Sanyi ya huda shi har ƙashi, askar ta faɗi. Ta fara jan sa zuwa ramin, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jan akuya. Ƙafafunsa suna nutsewa a ƙasa mai ɗumi. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya ƙi juyawa.

Ƙasa ta kai masa ƙwauri.

Da ɗayan hannun ya kamo bakin baron, ya tattara iya ƙarfinsa ya kifar da shi.

Kabewar ta gangaro, ta bugi gindin katanga, ta tsage.

Babu iri a ciki. Ƙeya ya gani, ƙaramar ƙeya jiƙe sharkaf, da gashi baƙi. An rage gefe da gefe, an ja siririn layi a saman kunnen hagu, layin ya ɗan karkace inda mai kan ya motsa. Ya san askin nan. Shi ya yi wa Auta shi da hannunsa.

Kan nan ya fara juyowa.

Tsohuwar ta saki wata ƙara da ba ta mutane ba, ta cika hannunsa, ta faɗa kan kabewar tana lulluɓe ta da zanenta.

Ya zare ƙafafunsa, ya bar takalmansa a ciki, ya gudu.

Bai san yadda ya wuce gidan bulo ba. Ya dai san har ya fara hango fitilun unguwa yana jin numfashi a ƙeyarsa, yana jin warin toka. A ƙofar mai walda ya faɗi, kuma sai da aka yayyafa masa ruwa ya gane matarsa ce durƙushe a kansa da kayan aikinta.

Auta ya warke. Cikin 'yan makonni kumatunsa suka dawo, ya koma makaranta, kuma ya ce bai tuna komai ba. An ƙone yaɗon, an kwashe sauran ƙasar, an malale lungun da siminti. Yatsu biyu na hannun daman mai aski ba su sake jin komai ba, dole ya koyi riƙe injin aski da hagu, gyaran fuska da aska kuwa ya daina shi gaba ɗaya.

Gashin Auta bai ƙara tsiro ba. Ya tsaya cak yadda yake, ba ya zubewa, ba ya ƙaruwa. Likitoci sun duba, ba su gano dalili ba.

Bayan an kwana biyu, wata ranar hutu da la'asar, yaron yana zaune a kujerar shago yana juyi da ita, uban yana share gashi a ƙasa. Sai kujerar ta tsaya. Auta ya dube shi ta cikin madubi, ya yi magana a hankali kamar mai isar da saƙon maƙwabta.

"Baba, gashinsa ya yi yawa. Tsohuwar ta ce yaushe za ka zo?"