Oba-obar Kawu Mahadi

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma bai yi nisa ba. Amma shirun ya fi ƙarfina.

Kawuna Mahadi awon hatsi yake yi a kasuwar Gusau. Da aka ba mu jiha, manya suka cika gari da salula mai dogon eriya, shi kuwa zama ya gagare shi. Yau Tsafe, gobe Bungudu, kullum sai farashi ya juya yake isa. Ya sayi tsohuwar oba-oba, rediyon magana na hannu, wurin wani mai gadi, ita kaɗai ba 'yar'uwa, ba abin da take yi sai shuuu. Ya hau da ita wani kogo bayan Kwatarkwashi, wurin boka Bawa.

Kogon sai ƙarnin jini. Ƙahoni rataye da jan ƙyalle, tukunya a kife, gashin kaza manne a gindinta. Boka ya zubar da batiran, ya cusa harshen baƙin bunsuru a gurbinsu, ya ɗinke da fata.

"Za ta riƙa gaya maka abin da zai yi tsada gobe."

"Mi zan biya?"

"Aje kuɗinka, Alhajin gobe. Ita dai ba ta da murya, sai ta ara."

"Wurin wa?"

"Ji ka zo nema, ko tambaya?"

Mahadi ya san ya kamata ya sake tambaya. Bai sake ba.

Yana tashar Tsafe da rana tsaka oba-obar ta ce, "Sayi wake." Muryar ƙanensa Manu ce. Ya saya, wake ya yi tsada. Ya dawo ya tarar Manu yana buɗe baki, ba abin da ke fita. Kafin kaka aka binne shi.

Ya sayi babbar mota, ya gina bene. Sai oba-obar ta yi magana da muryar matarsa Shafa'atu: "Sayi dawa." Yanzu kam ya gane. Duk da haka ya saya. Shafa'atu ta bebance, ta riƙa yagar zanenta, har aka ɗaure ta.

Ranar da ya ji, "Baba, sayi gero," da muryar 'yarsa Zuwaira, takalmi bai tsaya sawa ba, ya nufi kogon.

"Ban saya ba! Wallahi ban saya ba!"

"Saye naka ne," in ji boka. "Aro kuwa an riga an yi."

Bayan jana'izar yarinyar, muryar Mahadi kansa ce ta fito daga oba-obar. Ya ƙare yana zagaya kasuwa a guje, bakinsa na motsi, har aka tsinci gawarsa bakin hanyar Nahuce.

Jama'a, ku ji tsoron Allah. Duk dukiyar da aka ce ba sai ka biya ba, da mutanen gidanka za a biya.

Ranar rabon gado na ga yayana Buba yana shafa oba-obar, idonsa na ƙyalli. Da safe na ɗauke ta, na jefa a turmi, na daka har hannuwana suka yi kanta. Turmin ma na ƙone shi.