Mijin Honarabul

"Wa ya kira ki da sassafe kike ta wannan dariyar?"

Likita ta kife wayar a kan teburi, ta ci gaba da haɗa wa 'yarsu Auta jakar makaranta. "Ciyaman ne, shugaban kwamitinmu na lafiya. Maganar ƙudirin da zan gabatar yau ce."

"Oh, ƙudiri ne mai ban dariya haka?"

"Abban Auta, don Allah... ba yau ba."

"Kullum ba yau ba! To yaushe?"

Malam ya ture kofin shayinsa har ya fantsama. Lissafi yake koyarwa a makarantar sakandare, kuma tun tana ƙaramar likita a ɗakin haihuwa ya aure ta. Da matan yankinsu suka taru suka roƙe ta ta tsaya takarar majalisar jiha, shi ya fara cewa ta amsa. Da hannunsa ya bi bango yana manna hotunanta. Sai da ya ga maza sun yi cirko-cirko gaban hoton suna yaba murmushin, sannan kishi ya fara cin sa. Daga ranar da ta ci zaɓe ko sunansa ya ɓace, kowa sai "mijin Honarabul".

Jiya kuwa a ɗakin malamai wani abokin aikinsa ya miƙo masa waya. Ga Likita a bikin buɗe asibiti, ga Ciyaman a gefenta, kafaɗa na neman taɓa kafaɗa. "Kai, sun yi kyau fa... hoton nake nufi, Malam!" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki.

Yanzu Malam ya miƙe. "In kin dawo yau ki zaɓa. Ko majalisa, ko gidan nan."

Ta tsaya cak tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ja hannun Auta suka fita.

Inna, mahaifiyarsa, tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ji komai. "Kai ɗan nan, kishi ne wannan ko taɓin hankali? Yarinyar da ta yi jinyata kamar ita na haifa? In zarginta kake, tashi ka je ka gani da idonka, ka daina dafa kanka a banza."

Ya je ɗin. Ya roƙi wani malami ya riƙe masa ajinsa, ya hau benen 'yan kallo na majalisa, ya raɓe bayan ginshiƙi. Daga nan yana hango ta a layi na biyu, tana jera takardu. Can sai ga Ciyaman cikin farar riga mai sheƙi, ya sunkuya daidai kunnenta yana raɗa. Malam ya damƙe ƙarfen da ke gabansa. Ta ɗago ta faɗa wa mutumin wata magana gajeriya. Ciyaman ya miƙe a hankali, ya koma kujerarsa fuska a murtuke.

Da Kakakin majalisa ya ba ta dama, ta tashi. Ƙudirinta mai sauƙi ne: kowane ƙaramin asibitin ƙauye a ba shi ungozoma da motar ɗaukar marasa lafiya. Ta ba su labarin wata mai naƙuda da aka kawo mata a bayan babur, jini ya ƙare mata a hanya, ta cika tana riƙe da hannun rigarta. Zauren ya yi tsit. Malam ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Matarsa ce wannan fa!

Sai Ciyaman ya tashi yana gyara hula.

"Ranka ya daɗe, 'yar'uwarmu ta ɗauka har yanzu a ɗakin haihuwa take. Kwamitina ya duba, ƙudirin nan ɗanye ne, bai nuna ba."

Aka yi dariya. Aka nemi ra'ayi, masu cewa a'a suka rinjaya, Kakaki ya buga guduma. Likita ta tattara takardunta ta fice, ko waiwaye babu.

A ofishinta ya same ta, ta kifa kai a kan teburi, kafaɗunta na rawa. Ta ɗago ta gan shi.

"Ka zo karɓar amsa ne?"

"Me ya raɗa miki?"

"Har yanzu kana kan zargin nan?" Ta share hawaye da bayan hannu. "To ji. Tun da na shiga kwamitin nan yake bi na. Wai mace kamata ba ta dace da malamin makaranta ba, in rabu da kai ya aure ni, ƙudiri ya wuce cikin ruwan sanyi. Ina ta lallaɓa shi da dariyar yaƙe don matan nan su samu. Yau ya ce in ba shi amsa kafin a zauna."

Malam ya matso kusa da ita. "Kika ce me?"

"Na ce ƙurar allin da ke hannun rigar mijina ta fiye mini duk turarensa."

Ya juya fuu zai fita. "Wallahi sai na..."

Ta riƙo rigarsa. "Sai ka me? Kai da hawa bene ke sa ka haki? Zauna kafin jininka ya hau, ba ni da abin awo a nan."

Ya zauna ɗin. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da tuni ka ce in zauna a gida. Su kuma matan wa zai tsaya musu?" Muryarta ta karye. "Faɗuwar ƙudirin ba ta yi mini ciwo kamar maganarka ta safe ba. Ni ka zarga, Abban Auta... ni!"

Ya durƙusa gabanta ya kama hannayenta. "Ki yafe mini, hasken idona. Tsoro nake ji. Kullum kina ƙara nisa, ni kuma ina nan gaban allo. Na janye abin da na ce, duka."

"Ban huce ba tukuna."

"Zan jira, ko shekara ce."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa ta yi kukanta mai isarta. Suna haka aka ƙwanƙwasa. Sakatariyarta ce ta leƙo, ta ce matan mazaɓa sun cika baranda, sun ji abin da ya faru, sun ce ba za su tafi ba sai sun ga Likita.

Ta dubi mijinta. Kishin yana nan daram a ƙirjinsa, ya san kuma gobe ma wani zai kalle ta, jibi ma haka. Ya ciro hankici ya goge mata fuska, ya gyara mata mayafi.

"Je ki gaya musu za ki sake kawo shi," ya ce.

Sannan ya tashi, ya buɗe mata ƙofar da hannunsa.