Kiran Ɗan Fari a Rumbun Barci

Da hantsi Rumbun Barci ya ja numfashinsa kamar kullum. Ɗaruruwan fitilu suka yi shuɗi tare, suka dushe tare, wani sanyi mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi ya bi bututai ya shiga akwatunan gilashi da ke jere bene a kan bene. A cikin kowane akwatin da ke rufe akwai mutum kwance, kuma kusan kowa murmushi yake yi.

Lantana Barau, injiniyar da ke kula da rumbun, ta tsaya gaban akwati na ɗari bakwai da sha shida. Allon jikinsa ya nuna: Haladu Mati, kwana ɗari tara da casa'in da tara. Duk wanda ya cika kwana dubu a rumbun, ƙwaƙwalwarsa ba ta sake gane hanyar gida. Haladu zai cika nasa da azahar.

Asalin abin cunkoso ne. Gidan yarin Tudun Hadari na mutum ɗari huɗu ne, amma sai da aka cusa ninki biyar, har barci ya zama na karɓa-karɓa. Masana suka kawo maganinsu: a kwantar da ɗaurarre, na'ura ta ciyar da shi ta jijiya, ta saƙa masa mafarki daga abin da ransa ya fi so. Aka yi ta tafi. Sai dai mai barci ba ya ƙorafi, don haka alƙalai suka manta da masu jiran shari'a, 'yan sanda kuwa suka ƙara kamo mutane tunda wuri ya samu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Jam'iyyar Masu Gumi ce ta ƙi yin shiru. 'Yan dako ne da masu walda da malaman firamare, masu jajayen huluna da baki kamar reza. Maganarsu ɗaya: kurkuku na wanda ya zubar da jini ne ko ya ɗaga makami, wanda bai taɓa lafiyar kowa ba ya koma gida ya yi wa unguwarsa aiki. Da ƙyar suka ci majalisar birni, suka zartar da dokar saki. Haladu na cikin waɗanda ta shafa, don laifinsa bai wuce huda bututun da hukuma ke tatso ruwan gajimare da shi ba, ya ja ruwa zuwa lambun tumatirinsa, kuma ko gaban alƙali ba a kai shi ba.

Doka ta buɗe ƙofa, masu barci suka ƙi tashi. Wa zai bar gona mai ruwa ya dawo layin famfo? Lantana ce ta gano dabarar da ke aiki: muryar da mutum ya sani tun yana goye ta kira sunansa ta lasifikar akwatin. Da haka aka tashi mutum dubu da ɗoriya.

Kwamared Tanimu Gwadabe, wakilin jam'iyyar, ya shigo yana share gumi da jar hularsa. A bayansa wata tsohuwa ce 'yar firit, ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Injiniya, ga Iya Delu, mahaifiyarsa," in ji shi. "Har ƙauye na je na ɗauko ta a jirgin nan mai tafiya a kan waya. Ba shi da kowa sai ita."

Lantana ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa mata abin magana. "Iya, sunansa kawai za ki kira."

Tsohuwar ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. Ko akwatin ba ta kalla ba.

"'Yar nan, ɗan fari ne fa."

Shekarun Lantana bakwai tana karatun ƙwaƙwalwa, amma ta manta da abin da kakarta ta sani tun ba ta da wayo: uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane.

"Haba Iya!" Tanimu ya ɗaga hannu kamar yana kan dandamali. "Mun yi shekara shida muna gwagwarmaya, mun sha barkonon tsohuwa, mun kwana a caji ofis, yanzu kunya ce za ta kayar da mu?"

"Kai yaro, shekara arba'in da ɗaya bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Jam'iyyarku shekararta nawa?"

Tanimu ya sosa ƙeya. Lantana ta nuna wa tsohuwar agogo, ta faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana: in azahar ta yi, zai ci gaba da numfashi, amma ba zai ƙara dawowa ba.

Iya Delu ta karɓi abin maganar da hannu biyu, ta runtse ido, hawaye suka gangaro cikin mayafi.

"Haladu," ta ce. "Haladu, ɗana."

Lantana ta zuba wa allo ido. Murmushin Haladu ya ƙara faɗi, numfashinsa ya ƙara nisa, fitilar ta ƙara shuɗi. Nutsewa yake yi. Cikin tsoro ta buɗe tagar mafarki, ƙaramin allon da ke nuna abin da mai barci ke gani. Ga lambu kore shar har iyakar gani, gajimare na saukowa ƙasa-ƙasa kamar tumaki suna shayar da kunyoyin shuka, tumatir ja jawur. A bakin lambun ga wata Iya Delu zaune a inuwa, tana kallonsa ido cikin ido, tana kiran sunansa.

Sai Lantana ta gane. Abin da ransa ya fi so ke nan, na'ura kuma ta yi kwana kusan dubu tana ba shi. Kiran gaskiya ya shiga cikin na ƙarya ya ɓace.

"Iya," ta ce da sauri, "in ya makara a gida, yaya kike tashinsa?"

"Ni? Ba na tashinsa. Da bango nake magana."

"To yi da bangon."

Tsohuwar ta share fuska, ta juya wa akwatin baya, ta gyara murya ta fuskanci bangon ƙarfe.

"Oh ni Delu! Rana ta take tsaka, wani yana kwance kamar gawa. Tumatir can na mutuwa da ƙishi, akuyar maƙwabta ta shiga lambu. Mai kunne dai ya ji. Ni ba ruwana."

A tagar mafarki gajimaren suka tsaya cak. Fitilar ta koma ruwan ɗorawa, sannan fari. Murfin gilashi ya ɗaga a hankali, Haladu ya yi tari, ya buɗe ido yana lalube.

"Wace akuyar?" ya ce da dusasshiyar murya. Sai ya ga bayan mayafin. "Inna, ke ce ta gaske. Waccan ta cika kirana."

Iya Delu ba ta juyo ba. "A ce wa wannan ya nemi takalmansa," ta ce da Lantana, kafaɗunta na girgiza.

Lantana ta yi dariya da hawaye tare. Bayan an fita da su, ta ɗaga kai ta dubi benayen. Saura akwati ɗari uku da sha ɗaya na waɗanda doka ta ce a sake su, amma ba wanda ya zo nemansu. Mun ba su duk abin da ransu ke so, ta ce a zuciyarta, ba mu bar musu dalilin dawowa ba.

Can ƙarshen layi Tanimu na tafe da takardar saki a hannu, yana tsayawa gaban kowane akwati yana kiran suna da ƙarfi. Fitilun kuwa sai ƙara shuɗi suke yi.