Gaisuwar Tsaye

Mastura na bakin murhu tana juya waina a tsakar gidan Inna Barakatu da ke unguwar Ruwais, can ƙasa mai tsarki, sai murmushi take ita kaɗai.

"Ta uku ke nan kin ƙona!" in ji Inna Barakatu. "Wannan Abdulghani zai tsiyata mu."

Watan Mastura bakwai a gidan. Tana shekara biyu iyayenta suka rasu a aikin hajji, hukuma ta kai ta gidan marayu, can ta girma. Matan Hausawan unguwar kuwa suna da wata al'ada mai kyau: duk 'yar Hausa da lokacin fitarta ya yi, ɗayarsu za ta sa hannu ta karɓo ta, sauran su taru a kanta, wannan ta koya mata sana'a, waccan ta gyara mata Hausa. Haka Mastura ta sami ɗaki da uwa rana ɗaya.

Abdulghani tela ne a kasuwar Bab Makka. Sayen waina ya fara zuwa, har Inna ta lura kullum zaren idonsa ya fi cinsa yawa. Yau mahaifiyarsa, Hajiya Zaituna, za ta zo ganin yarinyar.

Inna ta leƙa maƙwabta aron kofunan shayi, sai ga sallamar Hajiya. Mastura ta miƙe zumbur, ta ƙame, hannuwa a gefe.

"Ahlan wa sahlan, ya Hajiya!"

Hajiya ta zauna a tabarma, ta ɗaga kai tana kallonta. Yarinya ko motsi. Ko shayin Hajiya ba ta jira ba, ta ja mayafinta ta fice.

Da la'asar Abdulghani ya zo jiki a sanyaye.

"Umma ta ce halas, an fasa maganar auren, Mastura. Wai kin tsaya mata a ka ƙerere kamar soja, ko rusunawa babu."

"Wallahi girmama ta na yi!" Hawaye suka ɓalle mata. "A gidan marayu in babba ya shigo, miƙewa ake. Wadda ba ta miƙe ba, ranar ba ta da abincin rana."

Inna Barakatu ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Kullum ina ganin kina ƙame mini, dariya kawai nake. Mun koya miki waina da ɗinki, muka manta durƙuso. Laifinmu ne, 'yar nan."

"Zan sami kawuna Usman," in ji Abdulghani a fusace. "A ɗaura, in ya so Umma ta huce daga baya."

Mastura na sonsa kamar ranta, amma ta girgiza kai. "La, Abdulghani. Ni ban san tawa uwar ba, ba zan raba ka da taka ba. Mu jira."

Suka jira wata uku cur. Hajiya ko sunanta ba ta son ji. Mastura ta rame, amma ba wanda ya taɓa jin ta faɗi baƙar magana a kan matar.

Ran nan haƙurin Inna ya ƙare. Ta tattaro matan unguwa, da ita su tara, suka sa Mastura a tsakiya. "Yalla, mu je gidan Zaituna!"

Mastura ta durƙusa tun daga bakin ƙofa. Hajiya ta kawar da kai.

"Barakatu, yarinyar da ba ta da dangi, in ta yi laifi wa zan kai wa ƙara?"

"Ga mu nan mu tara, zaɓi wadda ta yi miki," in ji Inna. Sannan ta bayyana mata yadda ake gaisuwa a gidan marayu.

Hajiya ta juyo wajen Mastura. "Ke, to da na zauna, me ya hana ki zama?"

"Ba ki ce in zauna ba, Hajiya. Jira nake ki ba ni izini."

Jikin Hajiya ya mutu. Ashe duk lokacin da take zaune tana cika tana batsewa, marainiyar nan umarninta take jira! Ta goge ido da bakin mayafi, ta matsa, ta buga tabarma kusa da ita.

"Taso, 'yata. Zo ki zauna."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren, uwayen amarya tara suka cika gida da guɗa. Haƙurin Mastura bai faɗi ƙasa banza ba. Mu kuwa, kafin mu ce maraya ba shi da tarbiyya, mu fara tambayar abin da aka koya masa, abin da ya rage kuma mu ne za mu koya masa.